Yadda Za Ka Sa Kowa A Gaban Layi Ba Tare Da Ka Ɓata Da Kowa Ba

Kai da aka damƙa wa makullin ɗakin injuna a wurin aikinku, kai da kake son ka tsufa a kan kujerarka ba a taɓa ɗaure maka fuska ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, babba da yaro a biro ɗinku, wato ofis, za su so ka. Za a riga ka gaisuwa da safe, a aiko maka da fura da rana, a yabe ka cikin rapor na ƙarshen shekara. An jarraba hanyar a Magarya, ta kuma ci. Wanda ya jarraba ta sunansa Hudaifa, yana nan da ransa, yana kuma kan aikinsa.

Mataki na ɗaya: Ka mallaki ɗaki mai sanyi

Kafin komai ka samu ɗakin da kowa ke sha'awar shiga amma babu wanda ya san abin da ke cikinsa.

Hudaifa ɗan wani ƙauye ne a karkarar Guci. Ya yi karatu a Damagaram, ya dawo da difulom na haɗa rezo, wato hanyar sadarwa, da gyaran ordinata, wato kwamfuta. Kawunsa Ari, ƙanin mahaifiyarsa, shi ne mataimakin firazidan na Tarayyar Manoma ta Hasken Damina, shi ya kama hannunsa ya kai shi biro ɗin tarayyar a Magarya. A lokacin wani furoje, shirin tallafi na Turawa, ya ba su injuna, aka share ɗakin da da ake jibge buhunan gyaɗa, aka sa kilim mai sanyaya ɗaki, aka jera su. Firazidan ɗin, Alhaji Mahamadu, ya sa aka rubuta Cibiyar Bayanai a ƙofar da jan fenti. Har yau in kilim ya tsaya ƙanshin gyaɗa ne ke fara dawowa.

A cikin injunan akwai wanda ake kira suwic. Akwati ne mai ƙofofi a jere, kowace ƙofa da wayarta, kowace waya tana zuwa teburin wani. Duk abin da ya fito daga ordinata ko salular ma'aikaci ta cikinsa yake bi kafin ya fita duniya. Ƙofar fita kuwa guda ce, siririya. Don haka a cikin akwatin akwai layuka, na gaba da na tsakiya da na baya, kuma dokarsa ba ta da roƙo: muddin akwai mai jira a layin gaba, na baya ba ya motsi.

Injiniyan da ya zo daga Yamai ya kafa injunan abu ɗaya tak ya sa a layin gaba, wato saƙon Rahina. Rahina ita ce masaniyar noma ta tarayyar. Takan karɓi hasashen yanayi, ta naɗi muryarta da Hausa, sai wata injin da ake kira sarba ta bi salular manoma ɗaya bayan ɗaya daga Kwaya zuwa Dungas zuwa Guci ta kunna musu. Saƙon ƙarami ne, kafin ƙiftawar ido ya wuce. Daminar da ta gabata maganarta ba ta faɗi ƙasa ba ko sau ɗaya, har manoma suka yi yarjejeniya da ita. Ta ce musu, "In hadari ya haɗo ba ku ji muryata ba, ku shuka, lafiya lau. In akwai matsala ni zan kira ku."

Haka Hudaifa ya gaji ɗakin, komai na tafiya daidai. Kada wannan ya karya maka zuciya. Babu abin da ke tafiya daidai da ƙwararre ba zai iya gyarawa ba.

Mataki na biyu: Ka yi bayani fiye da yadda aka tambaye ka

Wata rana a taron ma'aikata Alhaji Mahamadu ya yi ƙorafi. Yana cikin magana da masu furoje ta bidiyo, hotonsa ya daskare, baki buɗe, hula a karkace, ya daɗe a haka Turawa na kallo.

Da Hudaifa ya ce rezo ne, da an wuce wurin. Amma difulom abu ne mai ƙaiƙayi. Ya miƙe ya ɗauki alli, ya zana akwati, ya zana layuka, ya yi bayanin gaba da tsakiya da baya har da kibiyoyi. Ya juyo yana jiran tafi.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "To ni ina ina?"

"Ranka ya daɗe, kana tsakiya."

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin akuyar maƙwabta tana tauna kwali a bakin taga.

"Tsakiya," in ji Alhaji. "Ni da na yi ta safa da marwa zuwa Yamai har aka ba mu injunan nan. Wa ke gabana?"

"Saƙon manoma ne, ranka ya daɗe."

"Manoman da ni ne firazidan ɗinsu?"

Magabata sun ce baki shi ke yanka wuya. Ba su san aikin biro ba. Baki shi ke sa manya su san kana nan.

Mataki na uku: Babba gaba

Wannan ba ya son dogon tunani. Hudaifa ya koma ɗaki mai sanyi, ya buɗe allon suwic, ya nemo ƙofar da wayar Alhaji ke ciki, ya ɗaga ta zuwa layin gaba. Washegari fuskar Alhaji ta yi ta motsi sumul, hannu na tashi, murmushi na isa Turai da ɗuminsa. Da la'asar direba ya kawo wa Hudaifa zabo ɗaure da ƙafa, ya ce in ji firazidan.

A nan babu wanda ya cutu. Mutum ɗaya da ɗan saƙo ɗaya ba sa cika hanya. Ka riƙe wannan da kyau, don da shi za ka riƙa lallashin zuciyarka a matakan da ke tafe.

Mataki na huɗu: Ka gaya wa kowa cewa shi kaɗai ne

Ba a ɗaukar zabo a tsakar biro a ɓoye. Kafin mako ya zagayo Kawu Ari ya turo ƙofar Cibiyar Bayanai, ya zauna a kan kwalin takardu, ya miƙe ƙafa yana shan sanyi. Kawu Ari mutum ne mai son kokowa. Yana da wata tsohuwar ordinata da ya gada daga wani furoje da ya mutu tun Hudaifa na ɗan makaranta a lakwal, a kanta yake sauke bidiyon kokowar shekarun baya, kaye bayan kaye, ya bar ta a kunne dare da rana.

Ya ce, "Hudaifa, ɗan 'yar'uwata. Ran sunanka wa ya yanka rago?"

"Kai ne, Kawu."

"Wa ya kawo ka gidan nan?"

"Kai ne, Kawu."

"To na ji an ce akwai layi."

Hudaifa ya so ya ce kokowar da aka gama tun shekarun baya ba ta da gaggawa, wanda ya faɗi ya riga ya faɗi. Amma ya dubi furfurar kawunsa, ya juya ga allo. Ya ɗaga shi, ya ce, "Sai dai, Kawu, tsakaninmu. Kai da firazidan ne kawai."

Madan Balkisu, sekretar ɗin tarayyar, ba ta roƙi komai ba, ba halinta ba ne. Ta dai daina amsa gaisuwarsa. In ya ce ina kwana sai ta gyara ɗankwali ta dubi bango. In an dafa shayi, kofinsa ne ke ɓacewa. Ran da ya ɗaga ta, tun daga ƙofar gida ta tarbe shi: "Ƙanena! Ya sanyin ɗakinka?"

Daga nan sai direba, wanda ya ce shi ke kai firazidan ko'ina, don haka gaggawar firazidan gaggawarsa ce. Sai mai kula da sito. Sai mai gadi, wanda ya ba ƙanensa kod na shiga rezo, ƙanen ya ba abokansa, har samarin wata fada, irin majalisar hirar nan, suka ɗauko tukunyar shayinsu suka dawo gindin katangar biro da zama. Kowa ya shiga layin gaba, kowa kuma an rantsar da shi kada ya gaya wa kowa. Ba a taɓa zaman lafiya a gidan kamar lokacin ba. Mutum ya wuce ɗan'uwansa a baranda yana murmushin tausayi, shi ma ɗan'uwan yana yi masa irinsa.

Wasu masu neman rigima za su ce maka in kowa ya shiga sahun gaba, to sahu ɗaya ne mai tsawo, ƙofar kuwa ba ta ƙaru ba. Kada ka kula su. Irin su ne ba a aika wa zabo.

Mataki na biyar: Ka nemo marar baki

Fuskar Alhaji ta sake daskarewa, wannan karon yana tsakiyar atishawa. Ya aika a kira Hudaifa.

"Ba ka ce ina gaba ba?"

"Kana gaba, ranka ya daɗe."

"To wa ke tare da ni a can? Je ka cire shi."

Hudaifa ya zauna gaban allo yana duba waɗanda ya tara. Kawu ba ya ciruwa. Madan ba ta ciruwa, in dai yana son ya ƙara shan shayi a duniya. Direba ya san hanyar kunnen Alhaji. Kowane suna yana da fuska, yana da tebur, yana da bakin da zai zo ya buɗe. Guda ne kawai ba shi da ko ɗaya, saƙon manoma.

Lokacin rani ne, Rahina ba ta aika komai sai jefi-jefi. Hudaifa ya tuna salular mahaifiyarsa, Inna Saratu, wadda take ratayewa a ƙusa cikin ɗan jakar saƙa don kada kaji su taka. Sai ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne, kafin hadarin farko zai mayar. Ya tura saƙon layin baya.

Bidiyon Alhaji bai gyaru ba ko kaɗan, don cire allura daga kayan raƙumi ba ya rage nauyi. Amma Hudaifa ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, na cire wanda ke gogayya da kai." Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Daga ranar in hotonsa ya daskare yakan daskare ne da kwanciyar hankali.

Ka lura da kalmar "na ɗan lokaci". Ita ce ginshiƙin sana'arka. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta.

Mataki na shida: Ka sa wa kowa birki

Suwic yana da wata dabara. In ya turo wa inji kaya fiye da yadda take iya haɗiyewa, injin tana iya ɗaga hannu ta ce a dakata, shi kuma ya dakata har ta numfasa. An yi dabarar don wasu ƙofofi ƙalilan, inda ba a son ko ƙwaya ta zube. Masu sani sukan kunna ta da tsoro, kamar mai zuba barkono a miyar baƙi.

Kawu Ari ya dawo da kuka. Tsohuwar ordinatarsa ba ta iya haɗiyar abin da layin gaba ke ɗura mata, bidiyo na zuwa da giɓi. Ana cikin kamawa sai a ga ɗan kokowa a ƙasa, ba a ga yadda aka yi ba. Ya ce, "Kayen fa shi ne abin kallo, ɗana. In babu kaye me ya rage?"

Hudaifa ya kunna masa birki. Don kuma kada gobe wani ya zo ya ce an ba Kawu abin da ba a ba shi ba, ya kunna wa kowace ƙofa, har da ƙofar fita.

Ga abin da ya biyo baya. Tsohuwar ordinatar Kawu ta ce a dakata, suwic ya dakata. Kaya suka taru masa, shi ma ya juya ya ce wa na bayansa a dakata. Tun da kowa layi ɗaya yake, kowa ya tsaya. In tsohuwar ta numfasa sai a ɗan motsa, sai ta sake ɗaga hannu. Kamar ran kasuwar Dungas in jakin amalanke ɗaya ya ƙi tafiya a bakin kwalbati, mota da kabu-kabu da mai tallan rake duk hukuncinsu ɗaya. Gidan gaba ɗaya ya koma tafiya da numfashin ordinatar Kawu.

Wannan shi ake kira adalci. Ka yi alfahari da shi.

Mataki na bakwai: Ka iya zaɓen kalma

Wata safiya gabas ta yi baƙi. Iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya fara isowa daga nesa. Rahina ta shigo da sauri, mayafi a kafaɗa, salula a hannu. Masu hasashe sun aiko: ruwa zai sauka mai yawa, amma na yaudara ne, bayansa za a yi dogon fari. Wanda ya zuba irinsa yanzu zai tsiro ya ƙone. Ta tsaya a baranda ta naɗi murya, ta maimaita sau biyu, musamman ga masu gyaɗa, don irin gyaɗa in ya tafi ba a samun na biyu. Ta tura wa sarba.

A daidai lokacin Alhaji na shirin babban taron bidiyo da masu furoje, ya sa sabuwar riga, ya sa Hudaifa ya tsaya a bayansa kamar dogari. Rahina ta leƙo, mota na jiran ta za ta Dungas wani aiki na kwanaki.

"Hudaifa, saƙona ya tafi?"

Ya tuna inda ya ajiye shi. Ya dubi Rahina, ya dubi ƙeyar Alhaji. In ya ce bari in je in duba, Alhaji zai juyo. In ya ce yana baya, Rahina za ta tambayi wanda ya kai shi can. Ya ce a ransa da an gama taro zai gyara.

Ya ce, "Ya kama hanya."

Ta ce madalla, ta fita.

Dubi gwaninta. Bai ce ya isa ba. Mai zuwa Makka da ƙafa ma ran da ya fita ƙofar gida ya kama hanya.

Taron ya yi tsawo, hoto na daskarewa, Alhaji na huci, Hudaifa na cire waya yana mayarwa don a ga yana wani abu. Kafin a tashi ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya fito baranda ana hamdala. Hudaifa ma ya ji sanyi a ransa, ya ce ai ruwa irin wannan ba zai zama na yaudara ba, masu hasashe ma mutane ne. Bai koma ɗakin ba. Bai kira gida ba.

A Kwaya da Guci da ƙauyukan Dungas mutane suka duba salula, shiru. Suka tuna yarjejeniya. Washegari tun da sassafe aka fita da sungumi.

Mataki na takwas: Rezo ne

Shuka ta tsiro kore shar. Sai sama ta washe ta zama fara fat, rana ta dawo da fushin wanda aka katse wa magana. Gero ya murɗe, gyaɗa ta yi baƙi a raminta.

Rahina ta dawo daga Dungas fuskarta ba annuri. Ta ga gonaki da idonta, ta tambaya, an ce mata, "Ai ba mu ji ki ba, Malama, shi ya sa." Ta tsaya a tsakiyar taro ta ce tana son ta san inda saƙonta ya kwana.

Hudaifa ya sunkuyar da kai ya ce, "Rezo ne."

Ka ga ikon Allah, a ranar kowa ya zama shaida. Alhaji ya ce shi ma hotonsa daskarewa yake. Madan ta ce ita ma abin da take saukewa ba ya sauka. Kawu ya ce rezon bana ba irin na da ba ne. Kowannensu ya san shi ne a gaba, to in na gaba na shan wuya haka, ai laifin daga waje yake. Aka rufe magana, aka yi addu'ar Allah ya kawo ruwa. Rahina ta bi Hudaifa da kallo har ya fita.

Rezo ba shi da uwa a Magarya, ba shi da dangi, ba ya zuwa taro. Ka ɗora masa duk abin da ka ga dama. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka sake buɗe allon nan, don abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙyama. Hudaifa ya kiyaye sharaɗin. Shi ya sa bai ga cewa sarba, wadda ba ta san gajiya ba kuma ba ta san an rufe magana ba, tana nan tana ƙwanƙwasa ƙofa da saƙon, ana ce mata dakata, tana komawa, tana dawowa.

Mataki na tara: Ka je gida Sallah

Babbar Sallah ta zo cikin farin. Aka rufe biro. Kawu Ari ya naɗe tsohuwar ordinatarsa cikin bargo ya ɗora a kabu-kabu don baƙinsa su ga kokowa. Samarin fada suka watse gidajen iyayensu. Karon farko tun rani, layin gaba ya zama wayam.

Hudaifa na ƙauyensu, cikin shadda mai ɗaukar ido. An sauko daga idi, an yi yanka, an jera raguna a jikin itace kewaye da wuta. Maza na zaune ƙarƙashin gawo a ƙofar gidansu, hira ba ta wuce gona, wa ya rasa me, wa ke da sauran iri. Ana girmama Hudaifa, an ba shi tabarma shi kaɗai, don kowa ya san shi ne mai riƙe da injunan tarayya. Shi da bakinsa ya sha faɗa.

Sai salular wani dattijo mai suna Tamu ta yi ƙara. Kafin ya laluba aljihu ta maƙwabcinsa ta ɗauka, sai ta gaba, sai ta cikin gida. Tamu ya danna, ya ɗaga sama don kowa ya ji. Muryar Rahina ta fito tangaram, cike da gaggawa: "Jama'a, ruwan da zai sauka yau na yaudara ne. Don Allah kada ku shuka. Masu gyaɗa, ku riƙe irinku. Na sake faɗa, kada ku shuka."

Babu wanda ya motsa. Daga inda suke zaune ana hango gonakin, jajaye, babu ko tsinke.

Tamu ya mayar da salular aljihu a hankali ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ashe ta faɗa." Ya juyo. "Hudaifa, daga Magarya zuwa nan, a ƙafa saƙon ya taho? Ai ko jakina da ya karye da ya riga shi."

Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Hudaifa ya buɗe baki zai ce rezo, kalmar ta ƙi fita. A nan babu wanda hotonsa ke daskarewa.

Ya tashi ya shiga gida. Inna Saratu na tsugune tana wanke kayan ciki, maƙwabciyarta Zalika na zuba mata ruwa, salular na rataye a ƙusa ta gama maganarta. Irin gyaɗar da Inna ta ɓoye tun kaka cikin tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta hana kanta ta hana jikoki, duk ta zuba shi a ƙasa washegarin ruwan nan. Hudaifa ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta cika yi masa magana kai tsaye ba. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Zalika, tambayar mini baƙon nan. Na ji injuna sun yi nauyi. To tasa salular, rijiya ta faɗa?"

Zalika ba ta tambaya ba. Shi kuwa ya tsaya cikin shaddarsa har hayaƙin nama ya sa masa hawaye, ko kuma dai hayaƙin ne aka ɗora wa.

Mataki na goma: Ka ba kowa lamba ɗaya

Ran da aka koma aiki Rahina ta riga shi zuwa ƙofar ɗaki mai sanyi. Ita ma ta ji kanta ran Sallah, a salular mahaifinta a Kwaya, gaban 'yan'uwa da surukai.

Ta ce, "Saƙon da rezo ya cinye ba ya dawowa, Hudaifa. Wannan ajiye shi aka yi. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta bi allon da ido, ta ga gidan gaba ɗaya cunkushe a gaba har da mai gadi, ta ga saƙonta shi kaɗai a can ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kwalin da Kawu ke zama ta zauna.

"Gyara. Ina nan."

"Alhaji fa? Da Kawu?"

"Kai ne gwanin magana. Wanda ya iya cewa ya kama hanya ba zai rasa abin gaya wa Alhaji ba."

Ya mayar da saƙon gaba shi kaɗai. Ya kashe birkin kowa, ya canza kod. Sai ya tsaya yana kallon lambobin da suwic ke kiran layukansa da su, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. A lissafin akwatin bakwai ce sarauniya, ɗaya kuwa can ƙasa take, wurin masu jiran a gama.

Ya je ya sami Alhaji ya rusuna. "Ranka ya daɗe, na sake tsari. Daga yau kai ne lamba ɗaya. Ga shi a rubuce." Alhaji ya sa tabarau, ya ga sunansa, ya ga ɗaya a gefensa, ya ce, "Yanzu ka yi aiki." Haka ya bi Kawu, ya bi Madan, ya bi direba, kowa lamba ɗaya, kowa tsakaninmu. Da yake birki ya tafi, samarin fada kuma sun koma wata katangar, har hoton Alhaji ya rage daskarewa. Aka sake aiko da zabo.

Mataki na sha ɗaya: Ka karɓi yabo

Da ruwan gaske ya matso, Rahina ta naɗi murya, saƙon ya isa kowane ƙauye kafin ta ajiye salula. A ƙauyen su Hudaifa aka bar salula na ta ƙara. Tamu ya ce, "Ku bar ta, wa ya sani ko ta bara ce."

Hudaifa ya ɗauki babur, ya ɗaure ɗan buhun irin wake a baya, don gyaɗa ta riga ta wuce sai baɗi. Ya iske Inna a gona bayan ruwan, ta tona ƙasa da hannu tana auna zurfin laima. Ya ce Rahina ta ce a shuka. Ta ce wa Zalika, wadda ke gonar gefe, "Ni yanzu ƙasa nake tambaya."

Ƙasar ta amsa. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki sungumi ya shiga sara, tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Suka yi nisa cikin gonar. Can ya ji muryarta a bayansa, ba ta bi ta kan Zalika ba, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Ramukan sun yi nisa da juna. Noman ma an manta?"

Ya rage taku.

A rapor na ƙarshen shekara an rubuta cewa duk da matsalar rezo da ta addabi yankin, matashin ma'aikacinmu ya nuna ƙwarewa da biyayya. Madan ce ta buga, Alhaji ya sa hannu, Kawu ya karanta a taro.

Hattara

Mai wannan jagora ba shi da gona, ba shi da suwic, bai taɓa cin zabon kowa ba. In ka bi matakan nan irin wani ya ƙone, ko dattawan garinku suka daina ba ka tabarma, ko aka koma yi maka magana ta bakin maƙwabciya, kada ka neme ni, kada ka ambaci sunana gaban mai gari. Zaman lafiyar biro na yi maka alkawari, na kuma cika. Ban ce maka komai a kan gida ba.